Tarihin Guguwar Rana

Ku sani rana ma tana da guguwarta. Takan feso iska mai ɗauke da lantarki, ta zo ta girgiza maganaɗisun duniya, wato ƙarfin da ke juya allurar matafiya ta dubi arewa.

Ran 1 ga Satumba 1859, wani mutumin Ingila, Richard Carrington, ya ga haske ya ɓarke a fuskar rana. Washegari wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka. A watan Maris 1989, irin wannan guguwa ta ɗauke wutar lardin Kebek na Kanada har awa 9.

Masana suna da na'urori masu zana wannan girgiza. Zanen yana fitowa a karkace. To, ku hau dutse ku dubi koramun Majiya: ƙaramin reshe kama yake da babba. Haka zanen yake. A 1975 Benoit Mandelbrot ya raɗa wa irin wannan siffa suna firaktal. Da lissafinta masana ke neman alamun guguwa tun da wuri, don a tsare wutar lantarki da rediyo kafin ɓarna ta auku.