Vancouver, Harvard da Sauran Sunayen da ke Shafin Manazarta

Duk likitan da ya taɓa aika maƙala zuwa mujallar likitanci ya san wannan jimla ta edita: a gyara manazarta su bi tsarin Vancouver. Ɗalibai kuwa a jami'a sukan ji malami yana cewa Harvard yake so, kada a kawo masa wani. Sunayen nan biyu sun zauna a bakin mutane har ba a tsayawa a tambayi asalinsu. Ga shi kuwa ɗaya sunan birni ne, ɗaya sunan jami'a, kuma babu wanda ya bayyana yadda ake jera sunan marubuci da shekara da shafi. Sanin inda suka samo asali yana taimaka wa marubuci ya gane abin da ake nema daga gare shi.

Vancouver birni ne a yammacin Kanada. A shekarar 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a can don magance matsalar da ta daɗe tana damun marubuta: kowace mujalla da irin tsarinta, in wata ta ƙi karɓar maƙala, sai mai ita ya sake buga manazartansa daga farko da tafireta kafin ya gwada wata. Suka amince da ƙa'idoji na bai-ɗaya, aka wallafa su a 1979. Taron nan ne ya girma ya zama kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ake taƙaita sunansa da ICMJE. A 2013 kwamitin ya sauya wa kundin ƙa'idojin suna, amma sunan birnin da aka fara zama ya riga ya bi tsarin.

Tsarin na lamba ne. Maƙalar da aka fara ambata a cikin rubutu ita ce ta 1, mai bi mata ta 2, kuma in an sake komawa ga ta farkon a shafi na goma, lambarta tana nan ta 1. A ƙarshe sai a jera su bisa wannan bi-da-bi. Amfaninsa a bayyane yake ga likita mai karatu cikin gaggawa: jimla ɗaya tana iya dogara da bincike takwas ba tare da sunaye da shekaru sun cika layin ba. Wahalarsa kuma, in ka cusa sabon madogara a tsakiya, duk lambobin da ke bayansa sai sun matsa. Shi ya sa manhajoji irin su EndNote da Zotero da Mendeley suka samu karɓuwa.

Labarin Harvard ya fi ban mamaki, domin jami'ar ba ta taɓa fitar da wani tsari na hukuma mai wannan suna ba. Ana danganta shi da Edward Laurens Mark, masanin halittun dabbobi a jami'ar, wanda a 1881 ya wallafa bincike kan wani nau'in dodon-koɗi marar ƙoƙo, ya riƙa sa sunan marubuci da shekara a cikin jimla. Wani masani, Eli Chernin, shi ya bi sawun wannan tarihi a maƙalar da ya buga a mujallar BMJ a 1988. Tunda babu hukumar da ke riƙe da shi, Harvard ɗin wannan sashe yakan bambanta da na wancan a wurin waƙafi da baka. Don haka ɗalibin da aka ce masa ya bi Harvard yana da haƙƙin ya ce, "Malam, wanne daga ciki?"

Mu duba madogara guda ɗaya kusa-kusa. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka wallafa binciken da ya alaƙanta shan taba da sankarar huhu. A tsarin Vancouver sunayensu za su zo haka: Doll R, Hill AB. Babu ɗigo tsakanin haruffan, babu "da" tsakanin mutanen biyu. Sai taken maƙalar, sai adireshinta: Br Med J. 1950;2(4682):739-48. Wato shekara, da juzu'i, da lambar fitowa, da shafuka, an datse maimaicin lambar shafi na ƙarshe. Lura da cewa an rubuta Br Med J, domin sai a 1988 mujallar ta taƙaita sunanta zuwa BMJ. Ana kiran mujalla da sunan da take amsawa ranar da aka buga maƙalar, saboda da shi za a same ta a kan kanta.

Waɗannan gajerun sunaye ba marubuci ke ƙirƙirarsu ba. Asalinsu Index Medicus ne, kundin da likitan sojan Amurka John Shaw Billings ya fara fitarwa a 1879 don tattara abin da likitoci suka rubuta. An daina buga shi a takarda a 2004, bayan rumbunan bayanai na MEDLINE da PubMed sun gaje aikinsa a ƙarƙashin babban ɗakin karatun likitanci na Amurka da ke Bethesda. Daga can ake ɗauko N Engl J Med, daga can ake sanin cewa Lancet, mai kalma ɗaya, ba a taƙaita ta.

Sai et al., guntun Latin mai nufin "da wasu". Ƙananan haruffa ne, amma a bayansu mutane ne da suka yi aiki. Misalan da ICMJE ke nunawa sun ba da damar a rubuta marubuta shida na farko sannan a sa shi. Tsarin AMA, na ƙungiyar likitocin Amurka, in marubuta sun wuce shida, uku kawai yake ambata. Duka biyun na lamba ne, shi ya sa ake rikita su, kuma shi ya sa dole a karanta umarnin mujallar da za a aika wa.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Tsarin jera marubuta an gina shi ne kan sunan dangi da ake gado, mu kuwa mutum yakan rubuta sunansa, da na mahaifinsa, wani lokaci da na garinsu. In yau ya sa garin a ƙarshe, gobe ya cire, sai rumbun bayanai ya raba shi mutum biyu, aikinsa ya watse. Maganin shi ne ya tsaya kan siga ɗaya tun daga maƙalar farko, ya kuma yi rajistar ORCID, lambar shaidar marubuci da aka fara bayarwa a 2012. Maƙala ma tana da tata: DOI, wadda kullum take farawa da 10 da ɗigo, da PMID ta PubMed.

Wanda ya yi karatun hadisi ya san darajar isnadi: ba a karɓar magana sai an san wanda ya ji daga wa. Aikin manazarta ke nan a likitanci, kuma a nan kuskure yana iya kaiwa ga gadon majinyaci. A 1998 Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta jefa shakku kan rigakafin ƙyanda, a 2010 ta janye ta. Mai kwafo madogara daga ƙarshen takardar wani, ba tare da ya buɗe asalin ba, ba zai san an janye ba, sai ya ci gaba da yaɗa ta. ICMJE ta ɗora wa marubuci alhakin duba wannan da kansa.

Saboda haka, ko Vancouver aka ce ko AMA, a bi waƙafi da ɗigo yadda mujalla ta tsara, domin ladabin gidan ke nan. Amma kafin a aika, a buɗe kowane madogara, a tabbatar yana nan, ba a janye shi ba, kuma ya faɗi abin da aka jingina masa.