Hasken Leza da Jini: Darasi Daga Anka da Bukkuyum

Ya kai mai karatu, wataƙila an taɓa yi maka tallar "wankin jini" da hasken leza: a zura siririyar waya a jijiya, jan haske ya ratsa jini, wai cuta ta kau. Wannan dabara ta ɓullo ne a tsohuwar Tarayyar Sobiyet wajen 1981, bayan Theodore Maiman ya ƙera lezar farko a Amurka a 1960. Har yau babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa tana fitar da guba daga jiki.

Kafin ka ba da kuɗinka, tuna da 2010. A Dareta da Abare ta Anka, da Yargalma ta Bukkuyum, ana niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar dalma tana shiga bakin yara. Kimanin yara 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF suka riƙa auna jini, suna ba da maganin DMSA, wanda yake kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka share ta.

Dalma ma'adini ce, haske ba ya narkar da ita. Ko a Gummi kake ko a Anka, in ɗanka yana amai ko jijjiga kuma ana sarrafa dutse kusa da ku, garzaya asibiti ka nemi gwajin dalma.