Taƙaitaccen Tarihin Tsarin Sadarwa na Token Ring

Gabatarwa

Idan kwamfutoci da yawa suka haɗu a kan waya ɗaya a ofis, tilas a san wadda za ta yi magana da wadda za ta saurara, in ba haka ba saƙonni su cakuɗe. Tsarin Token Ring ya warware wannan matsala ta hanyar karɓa-karɓa.

Yadda yake aiki

Ana haɗa kwamfutocin a da'ira kamar zobe. Wani ɗan gajeren saƙo, wanda za mu kira alamar izini, yana zagaya zoben ta fuska guda. Kwamfutar da ke da abin aikawa sai ta riƙe alamar, ta saki saƙonta. Wadda aka aika wa ta kwafe shi, saƙon ya ci gaba har ya dawo wurin mai shi, ta cire shi, sannan ta saki alamar ga ta gaba. Kamar adashe ne, kowa ya san ɗaukarsa za ta zo. Akwai kuma kwamfuta guda mai sa ido, wadda ke samar da sabuwar alama idan ta farko ta ɓace.

Bunƙasarsa

An yi muhimmin bincike a kan wannan tsari a cibiyar binciken kamfanin IBM da ke kusa da Zurich, a ƙasar Suwizalan. IBM ya fitar da shi kasuwa a watan Oktoba na 1985 da saurin megabit 4 a daƙiƙa, aka kuma yi masa ƙa'ida mai suna IEEE 802.5. A 1988 saurin ya kai megabit 16. Bankuna da manyan kamfanoni sun rungume shi domin ba ya rikicewa ko da aiki ya yi yawa.

Faɗuwarsa

Abokin hamayyarsa, Ethernet, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1973, yana barin kowace kwamfuta ta aika saƙo da zarar ta ji waya shiru, don haka saƙonni kan yi karo. Amma kayansa sun fi araha. Daga 1990 aka samu na'urar da ke ba kowace kwamfuta hanyarta ita kaɗai, sai karon ya kau. A 1995 kuma Ethernet ya kai megabit 100. An amince da ƙa'idar Token Ring mai saurin gigabit 1 a 2001, amma ba a sayar da kayanta ba.

Kammalawa

Token Ring bai gaza a aikinsa ba. Matsalar da aka gina shi dominta ce aka kawar ta hanya mafi araha, masu saye kuwa suka bi araha.