Duke Ellington, Mutumin Da Ya Ƙi Sallamar Yaransa

Na yi shekaru ina wuce mutum-mutumin nan da ke titi na 110 a bakin Harlem, wani dattijo tsaye kusa da piyano, ban taɓa damuwa da sanin ko wane ne ba. Sai da darasin tarihin kiɗa ya kama ni a jami'a na gane ashe Duke Ellington ne.

An haife shi a Washington a 1899. Sunansa ya fito ne daga 1927, lokacin da ƙungiyarsa ta samu aiki a Cotton Club a Harlem, ana watsa kiɗansu ta rediyo. To amma ku ji wannan: baƙaƙe ne ke kiɗa da rawa a gidan, Turawa kaɗai ake bari su zauna su kalla. Da suka fara yawo kudancin Amurka a shekarun 1930, inda otal ba ya karɓar baƙar fata, sai ya riƙa hayar taragun jirgin ƙasa, a ciki suke ci suke kwana.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo bayan yaƙin duniya na biyu. Kasuwar manyan ƙungiyoyin swing ta faɗi warwas. Ciyar da mutum goma sha biyar a kan hanya ba wasa ba ne, ga jama'a sun koma sauraron mawaƙa. A ƙarshen 1946 manya irin su Benny Goodman da Woody Herman suka watsa yaransu. Count Basie ma ya rage nasa zuwa 'yar ƙaramar ƙungiya a 1950. Ellington ya ƙi. Kuɗin da tsofaffin waƙoƙinsa ke kawo masa, da su ya riƙa biyan albashi.

Wasu za su ce taurin kai ne. A ganina ba shi da zaɓi, domin ba wa ƙaho yake rubuta kiɗa ba, wa mai busa shi yake rubutawa. Ya san sautin Johnny Hodges, ya san na Harry Carney, wanda ya shigo a 1927 bai fita ba har ƙarshe. In ya sallame su, wa zai busa masa da safe abin da ya rubuta da dare?

Haƙurin ya biya a bikin Newport na 1956. Paul Gonsalves ya busa saksafon zagaye 27 ba tsayawa, mutane suka miƙe suna rawa, faifan wannan dare kuma ya fi duk sauran faya-fayansa kasuwa. A 1966 har Dakar suka je bikin fasahar baƙar fata na duniya.

Ba komai nasa nake yabawa ba fa. "Take the A Train", taken ƙungiyar, Billy Strayhorn ne ya tsara shi, kuma ayyukansa da yawa sun shige cikin inuwar maigidan.

A 1965 hukumar Pulitzer ta ƙi ba shi lambar da alƙalanta suka ba da shawara, sai a 1999 ta tuna da shi. Shi kuwa ya rasu tun Mayun 1974, ɗansa Mercer ya karɓi ƙungiyar. Carney bai cika wata biyar ba ya bi shi.