"Daji ba ya son ƙarfe": tarihin yadda sankarar mama ke yaɗuwa

1/ Bara muka rasa goggona a Daura. Sankarar mama. A zaman makoki na ji wata dattijuwa tana cewa: "Ai tun da aka sa mata wuƙa ya watsu. Daji ba ya son ƙarfe." Kowa ya gyaɗa kai, har ni. Da na koma makaranta na zauna na bi tarihin maganar. Ku biyo ni 🧵

2/ Cutar ba ta zamani ba ce. Wani rubutun likitancin Masar da aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya kwatanta ƙullutu mai tauri a ƙirji, ya ce ba shi da magani. Girkawa suka kira ta da sunan ƙaguwa. Mu muka ce daji.

3/ Tsalle zuwa 1894. William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya ɗauka cutar na rarrafe ne daga nono zuwa kaluluwar hammata, sannan ta yi gaba. Saboda haka sai a yanke da yawa: nono, naman ƙirji, kaluluwa, duka. Kusan shekara 80 ana wannan aiki, ana naƙasa mata, kuma da yawa cutar ta dawo musu a ƙashi ko hanta.

4/ Abin haushi, shekara biyar kafin nan wani ya hango amsar. A 1889 Stephen Paget a Landan ya duba bayanan gawarwakin mata 735 da wannan ciwo ya kashe. A 241 cutar ta kama hanta. A saifa kuwa 17 kacal. Alhali jini na ratsa su biyun. To me ya sa take zaɓe?

5/ Paget ya ce iri ne da ƙasa. Ɗan Daura ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka watsa shinkafa a jigawar Sandamu ko Zango, ta faɗi ƙasa dai, amma ba za ta yi ba, sai fadama. Gero kuwa a jigawar ya fi jin daɗi. Ƙwayar daji iri ce, jini iska ne, gaɓoɓin jiki gonaki.

6/ An yi kusan ƙarni ba a kula shi sosai ba. Yanzu an gani. Ga yadda take fita, daki-daki.

7/ Ƙwayoyin da suka shimfiɗe hanyar ruwan nono suna manne da juna da wani furotin, E-kadherin. Ku ɗauke shi kamar laka tsakanin tubala. Ƙwayar daji na iya kashe shi. Da lakar ta saki, tubali ɗaya ya zame, ya canza siffa, ya fara tafiya.

8/ Akwai katangar da ta kewaye hanyar nonon. Ƙwayar na fitar da sinadaran da ke narkar da ita, kamar gara a azara. Kuma tana aika saƙo sababbin jijiyoyin jini su tsiro zuwa gare ta. Judah Folkman ya faɗi haka a 1971, mutane da yawa ba su yarda ba. Jijiyar da ta kawo mata abinci ita ce kuma ƙofar fita.

9/ A cikin jini yawancinsu mutuwa suke. Gudun jini ya farfasa wasu, garkuwar jiki ta cinye wasu. 'Yan kaɗan ke tsira, wasu ta hanyar lulluɓe kansu da ƙwayoyin da ke daskarar da jini.

10/ Nan ne wurin da ya fi tsaya mini a rai. A 2001 masu bincike suka nuna ƙwayar sankarar mama na ɗauke da wani abu kamar hanci, CXCR4, mai bin ƙamshin sinadarin CXCL12. Ina wannan sinadari ya fi yawa? Ɓargo, huhu, hanta, kaluluwa. Wuraren da cutar ta saba sauka ke nan. Fadamar Paget, bayan shekara 112.

11/ A ƙashi abin ya fi muni. Ƙwayar na zuga ƙwayoyin jiki masu rushe tsohon ƙashi su yi aiki fiye da kima. Ƙashin da ya rushe ya saki sinadaran girma, su ciyar da ita, ta ƙara zuga su. Goggo ta yi wata uku tana kukan ciwon baya, muna shafa mata man zafi. Wallahi sai da na karanta wannan na gane abin da muke shafawa.

12/ Kuma irin na iya kwanciya. Ƙwaya ta isa ɓargo ta yi shiru shekara biyar, goma, har ashirin, sannan ta farka.

13/ Mu dawo kan ƙarfe. Bernard Fisher ya gwada ra'ayin Halsted a kan dubban mata daga 1971. A 1985 ya nuna cewa idan ƙullutun ƙarami ne, cire shi kaɗai a bi da gashi na na'ura daidai yake da cire nonon duka wajen tsawon rai. Abin da ke yanke hukunci shi ne: irin ya riga ya fita ko bai fita ba?

14/ Goggo ta ji ƙullutun fiye da shekara ɗaya kafin ta ga likita. An yi shafe-shafe, an sha jiƙo, an ɓoye saboda kunya. Ranar da aka yi aikin, irin ya daɗe a ƙashinta. Wata huɗu bayan nan ya bayyana. Mu muka ga wuƙa, muka ga yaɗuwa, muka haɗa su. A ganina haka maganar nan ta samu gindin zama: sai an makara ake zuwa, sai a mutu bayan tiyata, sai na gaba ta ƙara jin tsoro ta ƙara makara.

15/ Wani abu kuma: ba duk sankarar mama ce iri ɗaya ba. Wata sinadarin mata na istrojin ke ciyar da ita, ana toshe ta da tamoksifen. Wata tana da furotin HER2 da yawa, maganinta Herceptin ya fito a 1998, tsada kamar me. Wata ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi, tana da saurin yaɗuwa.

16/ Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ta yi karatu a Ibadan take aiki a Jami'ar Shikago, ita da abokan aikinta sun nuna wannan nau'i na ƙarshe ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. A 2018 suka gwada mata 1,136 masu cutar a Ibadan: kusan ɗaya cikin takwas gado ne, yawanci lahani a BRCA1 ko BRCA2. Yana iya zuwa ta wajen uba ma, ba uwa kawai ba.

17/ Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2020: mata 28,380 suka kamu a Nijeriya, 14,274 suka rasu. Rabi fa.

18/ Satin da ya wuce babbar 'yar goggo, shekararta 34, ta kira ni da dare. Ta ji wani abu kamar ƙwallon dabino a nononta na hagu, ba ya ciwo. Ta ce, "Ƙanina, kada ka gaya wa kowa, ni tsoron wuƙa nake." Na karanta mata na 13 da na 14 a waya. Ta yarda in rubuta wannan ba suna. Jibi da sassafe za mu hau motar Katsina.