Daga Goɗiya Zuwa 'Yar'uwa

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:13-18



Da yawa cikinmu jikokin Maguzawa ne. Mun sani kakanninmu mata ba 'yan kallo ba ne a addinin gargajiya, su ne ma suka fi yawa a bori. A Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, Inna ce uwar 'yan bori. Amma ku lura da sunan da ake kiran macen da iska ke hawa: goɗiya. Abin hawa ce. In Ɗan Galadima ya yi magana ta bakinta, shi ake saurara, ba ita ba.

Haka yake a duniyar da Manzo Bulus ya yi wa'azi. A Delfi ta ƙasar Girka, mace ce ke yi wa gunki baki. A Roma, budurwai shida ke tsaron wutar gunkiya Besta, shekara 30 ba aure. Wadda ta karya alkawari, a binne ta da rai. A Filibi, Bulus ya gamu da wata baiwa mai iskar duba, iyayengijinta suna cin riba a kanta. Ko sunanta ba mu sani ba.

A garin nan kuma akwai Lidiya, 'yar kasuwa. Da kunnenta ta ji, da zuciyarta ta gaskata, gidanta ya zama matattarar masu bi. Bulus ya kira Fibi 'yar'uwa da mai hidimar ikilisiya (Romawa 16:1). Wajen shekara ta 112, gwamna Filini ya rubuta wa sarkin Roma cewa ya azabtar da bayi mata biyu waɗanda Kirista ke kira masu hidima. A 203, a Kartej ta Tunisiyar yau, Farfetuwa 'yar manyan gida da Filisita baiwa suka mutu tare saboda Yesu. Farfetuwa ta bar labarin zamanta a kurkuku, kuma muryarta ce, ba ta wata iska ba.

Uwata, in ɗanki ya kwanta ciwo, makwabta suka ce a kira mai garaya, ki tuna an fanshe ki. Ki yi addu'a, ki kai shi asibiti. Dattawan ikilisiya kuma, kada mu mai da Zumuntar Mata 'yan dafa tuwon taro kawai. Ubangiji ya ba su baki, mu saurare su.

Ya Uba, ka tsayar da 'ya'yanka mata cikin bangaskiya. Amin.