Bashin Baba da Awakin Inna

Ranar sadakar ukun mahaifinmu a Wagini, ba a gama rabon gumba ba sai ga mutum uku a zaure. Ɗaya yana bin kuɗin taki buhu shida, ɗaya yana riƙe da gonar fadama jingina, na ukun kuwa ya ce rance ne tsakaninsu da Allah, ba takarda ba shaida. Baba bai bar wasiyya ba, ko ta baki. Shanun huɗar da za a sayar a biya, ɓarayin dajin Rugu sun daɗe da kora su.

Baffanmu ya ce a kashe maganar a cikin gida, kada a je gaban alƙali a tona wa mamaci asiri. A kama awakin Inna guda biyar, ni kuma in kawo abin da na samu a littafina. Wallahi har na fara lissafi.

Kakata ta wajen uwa ce ta ce in zauna. Ta ce wannan gudun alƙali da nake gani ya girmi Baffa. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka tsara baitulmalin En'e, aka sa wa alƙalai albashi, kuɗin kotu kuma ya riƙa shiga baitulmali. Cikin kuɗin nan akwai ushira, wato ɗaya bisa goma na dukiyar mamacin da alƙali ya raba. To kin ga talaka mai tumaki goma, ina zai yarda a ɗauke masa ɗaya? Sai maza su shige zaure da daddare su raba abinsu. Matsalar ita ce mace ba ta shiga zaure. Abin da aka miƙo mata ta labule shi ne rabonta, in an ce bashi ya cinye sai ta ce Allah ya jiƙan rai.

A 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e ta mai da su kotunan yanki. A 1976 En'en kanta ta kau. A 2000 Jihar Katsina ta kafa kotunan shari'ar Musulunci. Duk an canja suna da allon ƙofa, amma rabon zaure yana nan inda yake, kamar har yanzu ɗan doka na bakin hanya yana ƙirga tumaki.

Abin haushi, hukuncin ba ɓoyayye ba ne. Yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Likkafani za a fara fitarwa daga dukiyar mamaci, sai bashi, sai wasiyya in akwai, sannan gado. Daga dukiyarsa fa aka ce. Awakin Inna nata ne, da kuɗin ƙuli-ƙuli ta tara su. In dukiyar ba ta kai ba, masu bin bashi su raba abin da ke akwai gwargwadon haƙƙinsu, ba a tilasta wa magada su cika daga aljihunsu, sai wanda ya ga dama don sauke wa mahaifinsa nauyi. Wani abin da ban taɓa sani ba kuma, in akwai sauran sadakin da miji bai biya ba, matar ma mai bin bashi ce.

Ni da yayana muka hau mota zuwa Batsari. Baffa ya yi fushi, wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Alƙali ya nemi shaidu. Mai taki ya kawo biyu, aka kuma sa ya rantse, tunda wanda ake bi ba ya da bakin musu. Mai rancen tsakani da Allah bai sake dawowa ba, ni dai ban ce ƙarya ya yi ba. Aka sayar da ƙaramar gonar tudu aka biya taki, aka fanso fadama, Inna ta karɓi tumuninta a gaban kowa.

Daga baya Inna da kanta ta sayar da akuya ɗaya, ta aika wa mutumin nan na uku kuɗin. Ta ce ita ta san halin mijinta da rance.